Ruwa Har Hanci

Ruwan da ke bakin Al Ras, a nan ƙasar Larabawa, yana da wani wari, na laka da man jirgi, kuma duk sanda ya buge ni sai in tuna rafin garinmu a watan Agusta. Yau ma na tsaya a wurin ina jiran jirgin fito, takardar asibiti a jaka. Ƙanwata tana buƙatar ƙoda, likita ya ce tawa ta dace, ni kuwa sati uku ke nan ina cewa sai na ƙara yin addu'a. Kada ku ga girman jikina, matsoraciya ce ni ta gaske. Ko allura sai na rufe ido.

Ina 'yar shekara tara aka haifi ƙanwar nan. Naƙuda ta yi wa Inna tsanani tun safe, asibiti yana tsallaken rafi, rafin kuma ya cika ya batse. Aka ɗauko ta a kan ƙyauren ɗaki aka ajiye a bakin ruwa. Maza suka yi cirko-cirko, liman yana ta addu'a Allah ya janye ruwan. Ina jin nishin Inna, ina riƙe da gefen zanenta, na tabbata mutuwa za ta yi.

Kakana tsohon dillalin fata ne, ɗan siriri, ba ya son dogon zance. Ya shafa addu'a tare da kowa, sannan ya tuɓe riga ya naɗe a ka, ya ɗauki sandarsa ya shiga. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Mata suka fara salati. Can sai muka ga kafaɗunsa suna fitowa: ya taka tudun yashin da yake nema. Ya juyo ya yafito maza dogaye, suka bi sawunsa da Inna a ka. Kafin la'asar ta sauka lafiya.

Da kaka ta yi, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, na tambayi kakan nawa ko bai ji tsoro ba ranar nan. Ya ce yana saurayi a Kano ya yi aiki da wani tsohon Bayahude mai sayen fata. Shi ya gaya masa akwai aya a littafinsu, ranar da Fir'auna ya biyo Bani Isra'ila bakin teku, inda aka umarce su da su bar kuka haka su yi gaba. Malamansu suka tambayi juna: gaba ina, alhali ruwa ne? Suka fassara cewa tekun bai tsage ba sai da mutum ɗaya ya shiga, ruwa ya kai masa hanci.

"Namu malaman ba su faɗa mana haka ba," in ji Kaka, "Allah ne masani. Amma tsoro kam na ji shi, 'yar nan. Da shi na shiga."

Yanzu an yi gada a rafin, yaran garin ba su san an taɓa tsayawa a bakinsa ba. Kaka ya daɗe da rasuwa.

Wayata ta yi ƙara, ƙanwata ce. "Yaya, in ba za ki iya ba, khalas, shi ke nan, wallahi ba komai."

"Rufa mini baki," na ce. "Ki gaya wa likita ya sa rana."

Mai jirgi yana ta kiran yalla, yalla, wato a zo a tafi. Na taka na shiga.