Jirgin da Muka Tayar a Tudu

Shekarar da sojoji suka koma bariki akwai jirgin ruwa a tsakar gidana, a Ƙofar Kwaya, cikin garin da ruwan sha ma sai an bi ɗan ga-ruwa da lallashi. Fari ne a da, rana ta mai da shi launin tsohon haƙori. Ba na katako ba ne, ba kuma na ƙarfe ba. Irin robar nan ce mai zare-zare a ciki, wadda masu gyaran bodin mota ke kira faiba. A kife yake jikin katanga, da tsaga a cikinsa wadda hannuna ke shiga. Kajina sun mai da ƙarƙashinsa akurki, ni kuma ina shanya kuka da kuɓewa a bayansa, don haka ban taɓa cewa ba shi da amfani ba.

Maigidana ne ya kawo shi. Direba ne a wata ma'aikata mai kula da kamun kifi. Aikinsa ya ja jirgin da mota ya kai dam, ma'aikata su shiga ruwa, shi kuma ya zauna a inuwa har su fito. Da aka yi rage ma'aikata a zamanin soja aka sallame shi, aka kuma yi gwanjon tarkacen sashen. Wasu mazan suka koma gida da kujeru da fanka. Nawa ya dawo mini da jirgi, da injinsa a naɗe cikin buhu. Na dubi abin, na dube shi, na ce Allah ya sa alheri, na koma kan tukunyata.

Daga nan sai zaman zaure da rediyo. Yakan samu tuƙi jefi-jefi idan direban wani ya kwanta ciwo, sauran kwanakin kuma yana nan kan tabarma. Mutum ne mai dariya a da, har maƙwabta kan jiyo shi ta katanga. Dariyar ta tafi ban san ranar da ta fita ba. Da farar hula suka karɓi mulki, gari ya ɗauki jita-jitar za a mai da waɗanda aka kora. Na yi ta goge masa kaftani yana zuwa yana dawowa, har kaftanin ya gaji, ba wanda ya kira shi.

Ana cikin haka ɗan baffansa, mai kai albasa Ikko, can kudu bakin teku, a babbar mota, ya zo da magana. Akwai wani gida can da ke neman maigadi. Idan damina ta ɗauke, lodin farko zai tafi da shi. Malam, haka nake kiran maigidana, ya ce ya amince.

Ni ban amince ba. Mahaifina haka ya tafi kurmi neman abin rufin asiri ina yarinya, ya ce bayan salla zai dawo. Salloli suka yi ta wucewa, ƙarshe labarin rasuwarsa ne ya dawo. Ina jin an ambaci Ikko sai na tuna da shi. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma idan na ji tsoro faɗa nake yi. Washegari da safe na kori kajina daga ƙarƙashin jirgin, na kwashe kuɓewata, na tsaya a bakin zaure.

"Malam, ba kai ka ce mani masuntan dam ɗin Ajiwa na ɓata rabin yini suna tuƙi da hannu kahin su kai inda kihi yake ba? To ga jirgi, ga inji. Ka tada shi ka riƙa kai su, su ba ka rabonka."

Ya rage muryar rediyo. "Ke, wanga abu da kaji suka yi shekaru suna kashi cikinai?"

"Kashin kaji wanke shi a kai. Ikko hwa ba a wanke ta."

Ya ce idan jirgin ya tashi kafin motar albasa, zai zauna. Idan bai tashi ba, kada in ƙara tada maganar. Na ce na ji.

Muka birkice jirgin. Wani abokinsa mai gyaran bodin mota ya nuna masa yadda ake yi: a kankare bakin tsagar da samfefa, a shimfiɗa ƙyallen faiba, a shafe da gam, a bar shi ya bushe, a sake shimfiɗa wani. Abin da bai gaya mana ba shi ne ƙaiƙayi. Garin faibar nan ya shiga riga, ya shiga zane, ya shiga shimfiɗa. Gida duka muka koma susa, har surukata da ta zo duba mu ta tafi tana cewa mun kwaso ƙazwa. Warin gam kuwa ya kori kajin da kansa. Damina ce, da hadari ya taso sai a yi ta gudu da tabarmi da leda ana rufe aiki. Amma na lura Malam ya daina kwana bayan asuba. Na ji shi wata safiya yana waƙa ƙasa-ƙasa yana goge gefen jirgin, na yi kamar ban ji ba don kada ya bari.

Injin kuma ƙanena ne ya karɓe shi. Makaniken babura da janareta ne a Ƙofar Guga, kuma tsakaninsa da Malam ba a rabuwa da tsiya irin ta miji da ƙanen mata.

"Yaya," ya ce mini ranar da ya buɗe buhun, "mijinki shina son zama sarkin ruwa, alhali ko a kududdufi bai iya tsayuwa."

Malam ya ce, "Kai dai gyara. In ya tashi kai za mu ɗaura gaba, kadojin ruwa su hwara da kai."

Ƙanena ya wanke kafireto, ya sa sabon fulogi, ya canza igiyar ja da ɓeraye suka ci, ya fitar da gidan zanzaro daga inda ban san sunansa ba. Ya ce shi dai inji duk inji ne, a ba shi mai da wuta ya tashi.

Ranar gwaji Malam ya gayyato mutanen zaure. Aka ɗaure injin jikin benci a tsakar gida, farfelarsa na lilo a iska. Mu mata muna leƙe daga ƙofar ɗaki. Ƙanena ya ja igiya, ya ja, ya sake ja, sai injin ya yi tari ya kama da wata irin ƙara da ta tada tantabarun unguwa. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa. Malam na dariya, irin ta da, har da riƙe ciki. Ana ta "ƙara mai, ƙara mai," ƙanena kuwa ya murɗa. Can sai na ji ƙauri. Ni mai girki ce, hancina ya riga na kowa. Ƙaurin roba ne. Kafin in yi magana hayaƙi ya canza, ƙarar ta shaƙe, injin ya mutu, jikinsa ko taɓuwa ba ya yi don zafi.

Tsakar gidan cike da maza, akwai direbobi, akwai makanikai, akwai mai gyaran famfo, amma duk 'yan tudu ne, ba wanda ya san abin da ya faru. Suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya suna Allah ya kyauta.

Da injin ya huce suka kwance ƙafarsa, wato ɓangaren da ke ɗauke da farfela, suka tarar da wata 'yar roba mai fukafukai ta narke ta manne. Malam ya juya ta a tafin hannunsa. Sannan ya ce a hankali, "Hitsari." Ƙanena ya ce, "Mi?" Ya ce duk shekarun da yake zaune a bakin dam, in jirgin ya tashi yakan ga wani siririn ruwa na tsartuwa ta bayan injin, har yakan yi wa ma'aikata ba'a cewa injinsu na fitsari. Ashe ruwan dam yake zuƙa ta ƙasa ya sanyaya kansa, kuma 'yar robar nan ce ke tura ruwan. Mu kuwa mun tashe shi a busasshiyar ƙasa, muna ta guɗa yana ƙonewa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Robar ba ta samu a Katsina ba. An duba Kano, babu. Wani mai kawo busasshen kifi daga Yawuri ya ce zai duba can, inda jirage suke da yawa, ya tafi da narkakkiyar a aljihu. Daga nan shiru. Damina ta ɗauke. Ɗan baffan ya aiko cewa an fara ɗaure albasa. Malam ya koma tabarma da rediyo, ni kuma na cika alkawari ban ce komai ba. Na soya dambun nama, na daka yaji, na sa ƙuliƙuli, na ɗaure masa guzuri na ajiye bayan ƙofa. Ban taɓa dakan da na tsana irin na yajin nan ba, kuka nake ina ɗora wa barkono laifi.

Ana saura kwanaki kaɗan tafiya, mai kifin ya yi sallama da hantsi, ya miƙo 'yar roba baƙa a ƙunshe cikin leda. Ƙanena ya rufe shagonsa ya zo ya sa ta. Sai aka tsaya ana kallon juna. Ba a kai inji dam a gwada sai an samu mota, a gida kuma famfo ya daɗe bai ko yi tari ba, ɗan ga-ruwa kuma sai yamma.

Ina da duro guda cike da ruwan saman ƙarshe, na rufe shi da faifai da dutse. Ruwan shayina ne, ko yara ba sa kusantarsa, Malam kansa sai ya roƙa. Na je na ɗauke dutsen.

"Ku tsoma shi nan."

Malam ya ce, "Mai zai ɓata maki shi hwa."

"Ya ɓata."

Suka gicciya katako a bakin duron, suka ɗaure injin, ƙafarsa ta nutse. Wannan karon ba a gayyaci kowa ba. Ƙanena ya yi bisimilla ya ja igiya. Injin ya kama, ruwa ya shiga tafasa yana fallatsa mana. Ba wanda ya kalli injin, duk bayansa muke kallo. Na ɗan lokaci babu komai. Sai ga shi, siririn ruwa ya tsarto, ya zuba a ƙafar Malam. Bai matsa ba. Ya tara hannu ya ji ɗuminsa, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ni kuma na zauna a kan turmi ina kallon ruwan.

Ranar da motar albasa ta tashi, mu ma mota muka shiga, a-kori-kura da jirgin ɗaure a baya, muka nufi Ajiwa. Ban taɓa ganin ruwa mai yawan haka ba. Masunta suka taru suna ƙwanƙwasa facin Malam da yatsa, wani dattijonsu ya shiga ya yi tsalle a kai ya ce zai yi. Shi ya zauna kusa da Malam yana nuna masa hanya, don tuƙin mota daban, na ruwa daban. Da farko jirgin ya yi ta zagaye wuri ɗaya, ƙanena na bakin ruwa yana dariya har da faɗuwa. Daga baya ya miƙe. Na tsaya ina kallo suna ƙanƙancewa har suka zama ɗigo, tsohon tsoron nan ya taso mini, don kuwa haka na ga bayan mahaifina yana ƙanƙancewa a tasha.

Kafin la'asar ɗigon ya sake bayyana, yana girma. Suka iso da raga jiƙe da kifi karfasa a ƙasan jirgi. Malam ya fito wandonsa sharkaf, ya miƙo mini ƙunshin guzurin da na ɗaure don Ikko, wanda ban san ya ɗauko ba. Babu komai ciki sai ɗan yaji. Shi da masunta sun cinye a tsakiyar ruwa.

"Gobe ki rage yawan guzurin," ya ce. "Gida zan ci tuwon dare."