Matar da ta sauka a gonar dawa

Kakata ta wajen uwa a gidanmu ta tsufa, a zongon Sokodé. Tun muna 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, muka san labarinta na jirgin sama, don da wuya a yi biki ko suna ba ta bayar da shi ba.

Mahaifinta bafatake ne, yana kai goro arewa ya dawo da shanu. Wata shekara suka yi zango kusa da Dapaong, tana 'yar ƙarama, sai wani abu mai ƙugi ya faɗo daga sama ya sauka a gonar dawa. Manya suka watse. Ita ko ta tsaya da ƙwaryar ruwa a hannu, har matuƙin ya diro ya cire hular fata, gashi ya zubo masa a kafaɗa. Ashe mace ce, Baturiya, ita kaɗai, fuskarta duk baƙin mai. Ta shanye ruwan, ta yi ta kwance-kwance a cikin injin har rana ta karkata. Da ta gama sai ta nuna kujerar jirgin, ta nuna yarinyar, ta nuna sama. Kaka ta gyaɗa kai. Mahaifinta ne ya fizge ta. Jirgin ya yi arewa, daga baya fatake suka zo da labarin cewa bai isa inda ake jiransa ba, ba a kuma ga ɓaraguzansa ba.

Mu dariya muke yi. Sai da idonta ya fara dushewa labarin ya daina ba mu dariya. Tana cikin tsintar wake da rana tsaka sai ta ɗaga kai ta ce ga jirgin nan yana kewayawa, ya rasa wurin sauka. Mu fita tsakar gida, ba komai sai shaho. Ta rame, ta daina cin abinci sosai. Ranar nan ta kira ni, da yake ni take wa wasan miji.

"Maigida, ka kai ni Dapaong. Na amsa wa baiwar Allah nan, ban kuwa sallame ta ba."

Mahaifiyata ta ƙi, daga baya ta haƙura. Ƙarshen damina muka hau mota. Na ɗauka ba za ta gane wurin ba, amma da muka sauka muka hau zemijan, wato baburan haya, ita ta riƙa nuna wa masu zemijan ɗin hanya, ta bayan gari, har gindin wata kuka. Har yanzu dawa ake shukawa a wurin, ta yi tsawo ta fid da kai.

Azahar ta kusa. Na riƙe ta muka shiga kunya ɗaya. Abin da na fara lura da shi shirun ne: tsuntsayen da ke cin dawa suka yi tsit, zabin da ke kiwo suka lafe a ƙasa kamar sun ga shaho. Sai warin mai ya bugi hancina, ba irin na babur ba, mai kauri, kamar man da ya ƙone. Ko ganye bai motsa a kan kukar ba, amma dawar gabanmu ta kwanta a miƙe, fili guda mai tsawo, ta sake tashi. Ban ji ƙara ba, ban ga komai ba. Na kama karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Kaka ta zame hannunta daga nawa. Ta yi gaba ba sanda, ta tsaya tana magana ƙasa-ƙasa, yadda ake yi da baƙuwar da aka daɗe ba a gani ba. Abin da na iya ji kaɗan ne.

"Kin ga yadda na zama. Ba zan iya hawa ba. Ki tafi abinki, Allah ya kai ki."

Ta daɗe tsaye, sannan zabin suka miƙe suka ci gaba da tonon ƙasa. Da muka fito bakin hanya masu zemijan sun tafi, ko sallama babu. A ƙafa muka taka har muka sami mai amalanken jaki ya rage mana hanya.

A mota na tambaye ta abin da ta gani. Ta ce matar ba ta tsufa ba ko kaɗan, shi ne ya fi ba ta tausayi. Daga nan ta nemi in saya mata ƙosai a tasha ta gaba, ta cinye tas.

Ta ƙara shekaru tare da mu, ta yi ƙiba har ta koma zuwa kasuwa, kafin Allah ya karɓi abinsa da damina. Na sha wucewa ta Dapaong a hanyar Cinkassé wajen saro kaya. Ina hango kan kukar daga titi, ban taɓa cewa direba ya tsaya ba.