Ƙarfen da Ammi Yake Soya Taliya a Kai

Sana'ata sayar da kayan mota na hannu ce: injin, giyabos, ƙofofi, fitilu, yawancinsu daga Japan suke zuwa a kwantena. Da dillanci na fara a Balad, tsohuwar unguwar cikin Jidda, ina haɗa mai saye da mai sayarwa, har Allah ya hore mini fili na kaina a Khumra, tsakanin sito-sito da garejoji. Ranar da na karɓi mukullin filin na tarar da wani dattijo ya riga ni kafa kurarsa a lungun ƙofa, yana soya taliya a kan wani baƙin ƙarfe mai kauri. Wanda na karɓi filin a hannunsa ya ce in na ga dama in tashe shi. Na duba layin leburorin da ke jiran abinci, na ga duk wanda ya tsaya nan sai idonsa ya faɗa kan kayana. Na ce a bar shi.

Kowa Ammi yake ce masa, wato baffa da Larabci. A Jidda aka haife shi, kakansa ne ya tako a ƙasa daga ƙasar Katsina don sauke farali, bai koma ba. Yana saurayi ya yi wanke-wanke a sansanin wasu Japanawa da suka zo aikin gini a bakin teku. Kukunsu mutumin wani gari ne a arewacin ƙasarsu, inda Ammi ya ce ƙanƙara kan rufe ƙofar gida. A garin nan suna da irin tasu suyar taliya: taliya mai kauri, kabeji, niƙaƙƙen nama, romo mai ɗan zaƙi, sannan a ɗora ƙwai a sama ba tare da gwaiduwar ta daskare ba. Yakisoba suke ce mata. Kukun ya gaya masa a can abincin yara ne da masu ƙaramin ƙarfi, a tsaye ake ci. Da aikin ya ƙare Japanawa suka kwashe, kukun ya bar masa ƙarfen suyar da wasu 'yan ƙarafa biyu masu faɗin baki kamar ƙananan shebur, waɗanda ake juya taliyar da su.

Ammi ya mai da ita tamu. Naman sa yake sawa, romon kuma da tsamiya da ruwan dabino da garin busasshen kifi yake haɗa shi. Mu dai taliyar Yabani muke cewa, don haka Larabawa ke kiran Bajapane. Lebura ɗan Bangladesh da direba ɗan Yaman da Bahaushe sabon zuwa, duk aljihunsu yana iya mata, kuma in ka ci da azahar ba ka neman komai sai bayan magariba. Ban taɓa ganin ya sa wa ƙarfen nan sabulu ba. In ya tashi sai ya kankare shi da zafinsa, ya shafe shi da mai da tsumma, ya rufe da buhu. Baƙi ƙirin yake, taliya kuwa zamewa take a kansa kamar tana tafiya da kanta.

Babban abokin tsokanarsa shi ne mai waldar filina, Bahaushen Sudan, mutum mai fara'a da ƙarfin hannu. Kusan kullum sai sun taɓa.

"Ya Ammi, da kakanka ya san jikansa taliyar Yabani zai ƙare da sayarwa, wallahi da daga Borno ya juya."

"Kakana dai ya iso, ya walad. Naka ne ya gaji a hanya, ya ga inuwa a Sudan ya ce nan ma Makka ce."

"To ƙaro ƙwai, in huce."

"Ƙwai na masu aikin hajji ne. Yalla, matsa, akwai mutane a bayanka."

Daga baya kuma sai ka ga ƙwai biyu a kwanon mai waldar.

Wata safiya Ammi bai fito ba. Kafin la'asar labari ya zo cewa ya faɗi a gida, ɓarin jikinsa na dama ya taɓu. Na same shi a asibiti, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa garau. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya gare shi, tana aure a Balad, mijinta direban tasi ne, mutumin kirki. Su biyun sun riga sun gyara masa ɗaki a gidansu. Da suka fita sayo ruwa Ammi ya jawo ni kusa da hannun hagu.

"Alhaji, ban taɓa cin tuwon suruki ba. Ka san mu."

Na sani. Ko a Jidda aka haifi Bahaushe, wannan kunyar tana biyo shi. Ya ce sun yi yarjejeniya da 'yar tasa: in ya ji sauƙi za su kawo shi Khumra rana ɗaya, ya sallami mutanen azahar da kansa. In ya iya, ya koma ɗakinsa da sana'arsa. In ya kasa, ya tare a gidanta, kuma ba zai ƙara tayar da maganar ba. Ya ɗaga mini hannun daman, yana rawa, amma yatsun suna damƙewa. Ya ce ƙarfen nan ba ya son ƙarfi, lallaɓa shi ake, hannu ɗaya da rabi ya ishe shi.

Watanni suka wuce yana gashi da motsa jiki. Kurar tana nan lulluɓe a lungun ƙofa. Ana cikin haka tafiya ta kama ni zuwa Sharja duba kaya, kuma ina can surukin ya aiko cewa ranar Asabar za a kawo Ammi.

A sana'armu duk abin da ya yi baƙi datti ne. Injin ya zo da maiƙon shekaru, mu wanke shi da dizal, mu bi shi da burushin waya, mu sa masa injin gugar ƙarfe da ake kira sarukh, sai ya fito yana ƙyalli a ce masha Allah. Haka muke girmama abu. Mai walda ya tara ma'aikatan filin suka ce ba za su bar tsohon ya dawo ya tarar da kayansa cikin ƙura ba. Suka yi wa kurar fenti shuɗi, suka canja tiyon gas, suka sa mata sababbin tayoyi. Shi kuma mai walda ya ɗauki ƙarfen suyar, ya sa masa sarukh, ya cinye baƙin nan tas har ya kai ga farin ƙarfe.

Da hantsin Asabar na iso daga filin jirgi. Mai walda ya tare ni yana murmushi, ya yaye buhun don in gani. Kana iya ganin fuskarka a ciki. Daidai nan tasin surukin ta shigo layin.

Ammi ya sauko da sanda, sanye da farar riga. Mutane suka yi ta sannu da jiki, wasu suna sumbatar kansa. Da ya zo gaban kurar ya tsaya. Ya sa tafin hagu ya shafa ƙarfen daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ni ne, ya Ammi. Sabo fil. Ko Yabanin da ya ƙera shi bai gan shi haka ba."

"Ka sha wahala. Allah ya yi maka albarka."

Ya kunna wuta, ya zuba mai fiye da yadda ya saba. Naman ya fara kamawa, ya kankare shi. Kabeji bai ba shi matsala ba. Da ya juye taliyar ya kwarara romo sai zaƙin ya kama farin ƙarfen, taliyar ta manne kamar an yi mata walda. Sai an danna shebur ɗin da ƙarfi kafin ta tashi, kuma ƙarfin nan ne babu a hannun daman. Ya danna, shebur ɗin ya kuɓuce ya faɗi ƙasa. Wani ya ɗauko, ya goge, ya miƙa masa. Ya sake dannawa. Ƙauri ya tashi. Na dubi mai walda, na ga murmushin ya tafi, ya gane.

Ammi ya kashe wutar da kansa.

Na matsa na ce wa surukin wannan ba gwaji ba ne, a ba mu 'yan makonni, zan sa a riƙa ƙona mai da albasa a kan ƙarfen har ya soma dawowa. Surukin ya ce shi ba shi da ta cewa, ya dubi tsohon. Ammi ya girgiza kai.

"Rana ɗaya na ce wa yarinyar nan, Alhaji. Ba na mai da magana. Kuma baƙin can ba na makonni ba ne, tun ina saurayi nake tara shi. Khalas, an gama."

Mai walda ya durƙusa ya kama gefen rigarsa. Ammi ya dafa kansa ya ce hannunsa ne ya gaza, kowa ma ya gani. Ni mai sayen tsohon kaya ne, na san bambancin abin da ya mutu da abin da yake da saura. Hannun nan yana da saura. Ko zai kai shi shekara ko biyu, Allah ne masani, amma a kan tsohon ƙarfen da ya sallami mutanen azahar ɗin nan.

Yanzu yana hawa na sama a wani tsohon gida a Balad, a ɗaki mai tagar katako. Nakan je bayan sallar Juma'a. 'Yarsa ta gaya mini a ɓoye cewa in mijinta yana gida, tsohon cewa yake ya ƙoshi, sai ya ji saukarsa daga bene sannan ya jawo kwano. Mijin ya lura, har ya koma fita da wuri ba don yana da fasinja ba.

Zuwana na bayan nan na miƙe zan tafi daidai lokacin da aka shigo da shinkafa. Ammi ya riƙe mini hannun riga.

"Zauna, Alhaji. In da baƙo, abincin baƙo ne, ya fi wuce mini."

Na zauna. Ya tallafe hannun daman da na hagu, ya kai loma baki a hankali, rabinta na zubewa a tire. Na rage saurina don kada in riga shi gamawa.