Robar Beljiyam a Motar Alhaji Sabo

Ban taɓa mantawa da wata Laraba ta watan Agusta na 1994 ba, da hantsi, a garejinmu na Mayo Gwoi. Mu uku ne a wurin: Oga Danladi mai garejin, da ni mataimakinsa, da Alhaji Sabo, ɗan kasuwar atamfa, wanda shi ya ba Oga filin garejin tun farko.

A lokacin, Oga Danladi kaɗai ke taɓa giyar otomatik a Jalingo. Tun da aka yi jiha irin motocin nan suka yawaita, da su kuma ya yi suna.

Kwanbatar motar Alhaji ce ta lalace. Ga wanda bai sani ba, wani ƙarfe ne mai kama da ƙwarya a kife, tsakanin inji da giya, cike da jan mai. Ƙa'idar aikin ita ce in an canza ta, a canza robar da ke riƙe mai a wuyanta, wadda muke kira sil, da gasket, wato shimfiɗar da ke hana bakin kwanon mai yoyo. Ba a mayar da tsofaffi.

Alhaji ya sayo kwanbata 'yar Beljiyam, wato wadda aka yi aiki da ita a Turai. Ya kuma sa an ɓanɓaro masa sil ɗin tsohuwar giyar da kwanbatar ta fito daga cikinta. A zamanin, kowa ya yarda tsohon Beljiyam ya fi sabon kwali.

Oga ya murza robar, ya ce, "Alhaji, wannan ya gaji. Ga sabo nan."

"Sabon Anacha? Haba, Danladi! Wannan fa daga motar Bature ta fito."

"Roba bai san Bature ba, Alhaji. Tsufa ya sani."

Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Motata ce ko taka? Sa min ita."

Oga ya dubi ƙasa. Filin da yake dubawa na Alhaji ne. Ya sa sabon gasket, sannan ya shafa wa tsohuwar robar gam, ya buga ta. Muka ɗora giya, muka zuba mai, babu ko ɗigo.

Bayan mako biyu, a hanyar Wukari, robar ta saki. Mai ya tsiyaye, direba bai lura ba, giyar ta ƙone. Kafin a jawo motar, magana ta zagaye Kasuwar Jalingo cewa hannun Danladi ya lalace. Alhaji bai faɗa ba, bai kuma musa ba.

Na ce, "Oga, bari in gaya wa mutane yadda aka yi."

Ya ce, "Wa ya riƙe guduma? Bakanike ba ya kai ƙarar mai mota. Kulle bakinka."

Abin da ke damuna har yau shi ne, mutumin da ya san gaskiya da yatsa biyu ya rasa sunansa saboda kunya. A sana'ar nan, ƙarfe bai san alkunya ba, kuma laifin duk abin da ya zube na hannun ƙarshe ne. Shi ya sa nake gaya muku, ku masu koyon sana'ar nan: lokacin cewa a'a shi ne kafin a ɗaure ƙusa.

Masu otomatik suka koma kai motocinsu Yola. Kafin damina ta zagayo, Oga Danladi ya bar min garejin, ya koma Zing noman doya.