Kawu Mai-Fenti da Tsohuwar da Ta Juya wa Duniya Baya

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai fenti ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana shafa bangon mutane, har sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba Mai-Fenti suke ce masa. Gajere ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan ɗara ta hagu saboda ɗaga buroshi. Innarmu kan tsokane shi ta ce in ana so a san gidan da ya yi aiki jiya, a leƙa kunnensa.

Yana da wata ɗabi'a mai ƙular da masu gida. Ba ya buɗe gwangwani sai ya zauna a ɗakin, ya ga ta inda rana ke shigowa, ya tambayi wa zai kwana a ciki. Ya yi wa mutanen ƙasashe da dama aiki, a bakinsu ya yi karatunsa. Wani baƙo ya taɓa sa shi ya yi masa jar ƙofa, ya ce a wurinsu ja sa'a ce. Maƙwabcinsa ya fito ya riƙe baki ya ce, ko mahauta za a buɗe? Kawu bai goyi bayan kowa ba. Cewa ya yi kowa da abin da idonsa ya tashi a ciki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Wata shekara aka kawo mana wata tsohuwa, mutuniyar wata ƙasa mai nisa, wadda ta zo zama wurin 'yarta ta faɗi ta karye a ƙugu. An yi aiki lafiya, ɗinki ya kama, amma Kaka, kamar yadda muke kiranta, ta juya fuska bango. Ba ci, ba magana, ko da 'yarta. Likita ya duba ya sake dubawa, bai ga komai ba. Kwana tara tana ramewa a gabanmu.

A lokacin Kawu na cikin masu shafa barandar asibitin. Da hantsi na fito na tarar da shi a bakin ƙofar ɗakin, buroshi a hannu, yana kallon bayan tsohuwar.

"'Yata, me take kallo haka?"

"Bango, Kawu. Ba komai a jikinsa."

"Akwai fari," in ji shi.

Ya gaisa da ɗiyar tsohuwar, ya tambaye ta me fari yake nufi a garinsu. Matar ta dafe ƙirji. Ta ce a can fari tufafin makoki ne, ba a sa shi sai an yi rashi. Ita ta daɗe da barin gida, abin bai zo mata a rai ba. Na waiga na dubi ɗakin kamar ban taɓa shigarsa ba: farin bango, farin zanen gado, farin labule, ga ni kaina cikin fararen kaya ina shigo mata safe da yamma.

Shugabarmu ta ce ba a taɓa bangon asibiti, doka ce. Kawu bai ja da ita ba. Washegari ya zo da fallen katako mai tsayin ƙofa, da ƙananan gwangwanaye huɗu na fentin ruwa marar wari: shuɗi, rawaya, fari da baƙi. 'Yar ta ce tana jin ƙofar gidan kakanta shuɗiya ce, amma ba ta da tabbas.

Ya tsuguna tsakanin gadon da bango, inda dole ta gan shi. Ya zuba shuɗi a murfin gwangwani ya nuna mata. Ta runtse ido. Ya ɗiga fari ya juya da tsinke, ya sake nunawa. Ya fi sau goma yana haka, gwiwoyinsa na ƙara, ni har na fara jin kunya. Can sai yatsanta ya fito daga ƙarƙashin bargo ya nuna rawaya. Ya ɗiga. Ta sake nunawa. Ya ƙara. Ta nuna baƙi, ya taɓa da kan tsinke kawai. Da ya ɗaga hannu zai ƙara, sai ta cafke wuyan hannunsa, ta faɗi wata kalma da ƙarfi.

'Yar ta fashe da kuka. "Cewa ta yi ya isa, kada ya ɓata!"

Kalar ba shuɗi ba ce, ba kore ba, wani abu ne a tsakani, kamar ruwa mai zurfi da safe. Kawu ya shafe katakon ya jingina a bango. Kaka ta daɗe tana kallo, sannan bakinta ya buɗe. 'Yar na fassara mana: ƙofar gidan babanta ce a bakin ruwa, da ragowar fentin jirginsa ya shafa ta, don ya riƙa hango gida daga nesa. Tana cikin labarin ta ce a kawo mata shayi.

Bayan sati uku ta fita da sandarta, aka ɗaure katakon a saman mota.

Na tambayi Kawu sunan kalar. Ya ce ba ta da suna, kuma ko an tsare shi da bindiga ba zai iya sake haɗa ta ba.

"Ni zubawa kawai na yi, idonta ne ya haɗa. Shekara saba'in tana ɗauke da ita a ka, ko kaɗan ba ta koɗe ba." Ya girgiza kai. "Ni fentina shekara biyar yake yi ya fara ɓarewa. Zo ki riƙe mini tsani, akwai sauran baranda."