Oba-oban Baba Matiyu

Jawo kujera kusa, ka ajiye wayar nan tukuna, in ba ka labarin Baba Matiyu. In kana ratsawa ta layin masu siminti da kwanon rufi a bayan Kasuwar Jalingo, ka san shi ko ba ka san sunansa ba: gajeren dattijo mai hular gadi da ta yi masa yawa, kunnensa kullum manne da oba-oba.

Mutumin Zing ne. Doya ya taso yana nomawa, har bayansa ya ƙi sunkuyo, ya tattara ya dawo gari shi da matarsa Alice, suka kama ɗaki a Sintali. Wani kamfanin gadi ya ɗauke shi, aka ba shi ƙofar baya ta wani rukunin shaguna, aka ba shi oba-oba, wato 'yar rediyon hannun nan da masu gadi ke kiran juna da ita. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, kuma bai taɓa damuwa ba.

To ita wannan na'ura tana da wani maɓalli a gefe. In ka latsa, sai ta kamo tashar FM ta gari. Amma da zarar wani abokin aiki ya yi magana ta tasa, sai tashar ta ɗauke, muryarsa ta fito ta lasifikar nan guda, in ya gama tashar ta dawo. Da wannan Matiyu ke cinye wuninsa, waƙoƙin coci da safe, gaishe-gaishe da hantsi.

Sai Alice ta yi zazzaɓin da ya taɓa mata kai. Ranar wata Laraba ta fita ɗebo ruwa, ko takalmi babu, ba ta dawo ba. Ya duba asibiti, ya duba wajen 'yan sanda, ya bi gaɓar kogin Mayo Gwoi yana kiran sunanta. Ya kai cigiya gidan rediyo aka karanta. Tun daga nan ya daina jin waƙa. Abu ɗaya yake jira, sanarwar da ake yi bayan labaran rana, inda ake faɗin wanda ya ɓata da wanda aka tsinta. Damina ta wuce yana jira.

A babbar ƙofa akwai Michael, mai gadi ne shi ma, gwanin kwaikwayon murya. Shi ya fara gano cewa in ya danna tasa oba-oban, sanarwar Matiyu za ta yanke.

"Baba, kana ji na? Oba."

"Michael, bari mana! Ana karanta mutane."

"Tambaya ce kawai. Ka ci abinci? Oba."

Sauran su kwashe da dariya, kowa daga ƙofarsa, har da shugabansu Yuguda. Hajja Suwaiba mai kunu, wadda ke sana'arta kusa da ƙofar Matiyu, kuma ita ta ba ni yawancin labarin nan, ta sha ce musu, "Ku ji tsoron Allah, mutumin nan ya haife ku." Su ce wasa ne, Hajja.

Wata rana wasan ya gundure su, suka nemi sabo. Mai gabatarwa na cewa "sai sanarwa", Michael ya toshe hanci, ya danna maɓalli, ya sauke murya irin ta gidan rediyo. Ana sauke kwano daga tirela a lokacin, ƙarar ta rufe ɗan ƙit ɗin da na'urar ke yi in tasha ta ɗauke.

"An tsinci wata mata, baƙa, doguwa, tana jin yaren Mumuye, ta ce sunanta Alice. Tana gidan mai unguwa a Sunkani. 'Yan uwa su je da shaida."

Hajja ta ce kofin kunun da ke hannunsa sai da ya faɗi.

"Hajja! An samu shi! Matana yana Sunkani!"

Ita ma ta yarda, don ta lasifikar ta ji. Har guɗa ta yi masa. Ya tsaya wajen mai takalma ya saya wa Alice silifa, ya tare keke zuwa tashar mota, oba-oba a aljihu, ya manta da ƙofa gaba ɗaya.

Daga babbar ƙofa su Michael suna kallonsa. Wani ya ce a kira shi haka nan. Yuguda, yana share hawayen dariya, ya ce, "Bar shi ya kai tasha tukuna." Da suka ga ya isa haka, Michael ya danna: "Baba, dawo, ni ne. Oba." Shiru. Oba-oba ba ta da dogon zango, motar ta riga ta bar gari.

A Sunkani mai unguwa ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya aika a tambaya gida-gida. Babu wanda ya tsinci kowa. Ya kwana a zauren.

Washegari ya dawo ya tarar mai shagunan ya zo jiya ya ga ƙofar baya a buɗe, kuma dole laifin ya hau kan wani. Yuguda ya miƙa hannu.

"Kawo kayan kamfani."

"Oga, rediyo ne ya kira ni."

"Ka bar ƙofa, ka tafi da na'ura. Kawo. Da hular."

Michael na tsaye yana kallon ƙasa. Sai bayan kwana biyu wani ya tsegunta wa Hajja cewa aikin Michael ne. Ta samu Matiyu a Sintali, ta zaunar da shi, ta faɗa masa komai. Ya girgiza kai.

"A'a, Hajja. Na san muryan Michael. Wannan na gidan rediyo ne. Alice ya zo Sunkani, ni ne na yi latti."

Ta rantse masa, ta kawo wanda ya ji da kunnensa. Bai karɓa ba. Michael har yanzu yana babbar ƙofa, an ma ƙara masa girma. Matiyu kuwa dako yake yi da wannan bayan nasa, abin da ya samu ya zuba a mota, duk ranar kasuwar Sunkani yana can yana leƙa fuskokin mata.

Hajja ta daina gaya masa gaskiya. Ta ce ran da ya yarda, ba ta san abin da zai tashe shi da safe ba. Ni kuma na kasa yanke hukunci. In ka haɗu da shi a tasha, ya riƙe hannunka ya ce, "Kai ma ka ji sanarwan, ko?", me za ka ce masa?