Baba Tal-kwabo da Gansakukar Tankin Kifi

Duk unguwar babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Baba Tal-kwabo ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Tun yana saurayi yake aski a wani ɗan shago tsakanin mai gyaran takalmi da mai gyaran rediyo: kujera ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, da hoton salon aski iri-iri manne a bango. Hoton nan ado ne kawai. Ko wanne ka nuna da yatsa zai gyaɗa kai ya ce, "An gama," ya ɗaura maka ƙyalle a wuya, ya kama ba ka labari, kafin ka farga kanka na ƙyalli kamar sabon kwano. In ka yi ƙorafi ya ce, "Ai yanzu iska za ta shiga." Duk da haka mutane ba su daina zuwa ba, don hannunsa da laushi, kuma bai taɓa yanke wa kowa kunne ba.

Da tsufa ya zo, gwiwa ta ƙi tsayuwa, 'ya'yansa suka taru suka sa shi ya rufe shagon. Ya dawo gida ya zame wa matarsa kaya. Inna, yadda kowa ke kiranta, ta ga ta kanta: ya aske ciyawar bakin ƙofa, ya aske gezar labule, har ya fara yi wa kyanwar maƙwabta wani irin kallo.

Ana cikin haka aka yi wa surukinsa, mijin 'yar autarsa, canjin wurin aiki zuwa nesa. Mutumin yana da wani dogon tankin gilashi mai ruwan gishiri irin na teku, cike da duwatsu masu ramuka, da murjani mai rai, irin mai tsirowa a kan duwatsun teku, da 'yan kifaye masu launi kamar an yi musu fenti. Ba abin ɗauka ba ne a doguwar tafiya. Aka kawo shi falon Baba, aka ɗora a kan teburinsa mai dogayen ƙafafu. Surukin ya durƙusa ya yi ta bayani: abinci kaɗan, fitila da lokacinta, kada a zuba ruwan famfo. Baba yana kallon wani kifi rawaya, ya gyaɗa kai ya ce, "An gama."

To shi Baba mutum ne da ba ya iya cin abinci ana kallonsa. In ya zauna shan shayi, kifayen suka taru a jikin gilashi suna buɗe baki, sai kunya ta kama shi, ya tashi ya barbaɗa musu nasu. Fitilar tankin kuwa ya bar ta a kunne yini guda, ya kuma yaye labule don rana ta shigo, wai baƙi ba a barin su cikin duhu. In ruwa ya ragu, ya tara bokiti a famfo ya cika.

Ba a daɗe ba wani kore-kore ya fara shafe gilashin. Sannan duwatsun suka fito da wani abu siriri, mai laushi, mai kaɗawa a ruwa.

"Malam, gansakuka ce fa ta kama tankin nan," in ji Inna.

Baba ya matso, ya gyara tabarau. Fuskarsa ta washe.

"Wannan ai suma ce."

Ya shiga ɗaki ya zaro tsohuwar jakar aikinsa. Ya naɗe hannun riga, ya kankare gilashin da reza tas, sannan ya tsoma almakashi ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, yana ba su labari kamar yadda ya saba. Abin da ya aske kuwa ya bar shi yana yawo a ruwa, tunda babu tsintsiyar da za ta share shi. Kowane guntu ya je ya sami wurin zama ya tsiro. Kafin mako ya zagayo, sumar ta dawo ninki, har ta hau kan murjani. Kifi rawaya sai ya shiga ciki ya ɓace, ya fito ta wani gefen da kore a baki.

Baba bai taɓa ganin kai mai taurin wannan ba. Ya yi aski da safe, ya yi da yamma, yatsunsa suka yamushe, falon ya koma warin bakin ruwa. Ranar da Inna ta tarar da buroshin haƙorinta a cikin tankin, ta saka mayafi ta tasa shi gaba zuwa shagon da ake sayar da kayan kifi.

Mai shagon wata mata ce mai fara'a. Ta ɗiga magani a ruwan da suka kawo cikin kwalba, ruwan ya canza launi, ita ma fuskarta ta canza.

"Baba, wannan ai ba ruwan teku ba ne, taki ne. Sau nawa kake ba su abinci?"

"Duk sa'ad da suka nema, 'yata."

"Yaushe suke nema?"

"Ai ba su daina ba."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta yi masa bayani dalla-dalla. Ragowar abinci da haske mai yawa su ke ciyar da gansakuka, ruwan famfo kuma yana ƙara mata ƙarfi. Ya rage abinci, ya rage fitila, ya riƙa canza wani ɓangare na ruwan da tataccen ruwa mai gishiri, in ya tsige kuma ya fitar waje. Ta haɗa masa ma'aikata a leda: dodon koɗi masu yawa, da wata bushiyar teku, dunƙulalliya mai ƙaya. Ta ce in abin ya ƙi, ya lulluɓe tankin gaba ɗaya na 'yan kwanaki, kada haske ko kaɗan ya shiga.

Ma'aikatan nan ba su burge Baba ba. Ya ja kujera ya zauna yana duba aikinsu.

"Dubi wancan, tun safe yana wuri ɗaya. Da a shagona ne da na kore shi."

Wasu kuma su faɗo daga gilashi su kwanta rigingine, su kasa tashi, sai ya sa dogon cokali ya juya su yana musu faɗa. Bushiyar ce ma ta fi ba shi haushi. Tana aiki, ba laifi, amma duk abin da ta tsinta sai ta ɗora a ka: ɓawo, tsakuwa, guntun murjani. Wata rana ta ɗauki dodon koɗi guda da ransa ta yi ta yawo da shi. Inna ta sa mata suna Mai Gayu, ta ce ita kaɗai ce mai tsari a tankin.

Gansakuka ta ragu amma ba ta tafi ba, don haka aka zo kan lulluɓi. Baba ya kwaso manyan barguna ya rufe tankin da teburinsa har ƙasa, ya saki labule, ya hana kowa ɗaga murya, wai kifi na jinya. Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Washegari da hantsi ya kwanta a ƙasa, ya cusa kansa da jikinsa ƙarƙashin bargon don ya saurara ko injin ruwa na aiki. Wurin da ɗumi, injin na gunji a hankali, barci ya sace shi.

A lokacin ne amininsa ya yi sallama, wani tsohon direban bas da ake kira Birki. Inna ta fito daga kicin, tana yankan albasa, ido jawur, hawaye na zuba. Ta ɗora yatsa a baki ta nuna masa falo. Birki ya leƙa: duhu, shiru, wani dogon abu a lulluɓe, ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin bargo, ɗaya da safa, ɗaya babu.

Ya zube a ƙasa ya saki salati.

"Wayyo aminina! Jiya fa muka rabu! Na yafe maka, na yafe maka duk askin da ka yi mini, har na ranar aurena!"

Daga ƙarƙashin bargo murya ta fito: "Me askin ranar aurenka ya yi?"

Birki ya zabura ya ranta a na kare. Mutumin da ke tafiya da sanda, ranar sai da aka bi shi da sandar da takalmi ɗaya har bakin titi. Da ƙyar aka lallaso shi ya dawo, aka ba shi ruwa ya sha. Yana dawowa hayyacinsa ya sa hannu a aljihu ya zaro guntun biredi.

"To tunda kana raye, buɗe in ba mutanena nasu."

"Nasu me?" in ji Baba.

"Biredi mana. Kullum na zo ina marmasa musu, in ka shiga kawo shayi."

Baba ya juya ya dubi Inna don ta taya shi faɗa. Inna ta kama gyaran ɗankwali, tana duban silin.

"Ke ma?"

"Ni dai ɗan kaɗan ne, Malam. In ina shara suna bina da ido."

Ashe kifayen nan gida uku suke ci. Aka yi zaman sulhu nan take. Aka hana Birki shiga falo da komai a aljihu, Inna ta kulle gwangwanin abincin a kabad ta rataya makullin a wuya, Baba kuma ya koma shan shayinsa yana fuskantar bango.

Da aka yaye bargunan, gansakukar ta yi fari ta saki jiki. A hankali, da canjin ruwa da taimakon ma'aikata, duwatsu suka fito, murjani ya buɗe, gilashi ya yi garau. Baba ya ɗauki hoto ya aika wa surukinsa, rabin hoton babban yatsansa ne.

Sai kuma dodon koɗi suka fara hawowa saman ruwa suna cirko-cirko, Mai Gayu ta zubar da kayan kanta ta lafe a kusurwa. Baba ya koma wurin mai shago hankali tashe.

"Yunwa suke ji, Baba. Sun cinye komai." Ta miƙo masa wata leda mai ɗauke da busassun falle-falle, baƙi-kore. "Ka riƙa saka musu wannan."

Ya juya ledar, ya shinshina.

"Mene ne wannan?"

"Ciyawar teku ce busasshiya. 'Yar'uwar gansakuka ce."

Baba ya ɗago ya dube ta.

"Wato yanzu saya zan yi?"

"Saya za ka yi, Baba."

Ya cusa ledar can cikin aljihun riga, ya danne da hannu, ya sunkuyo ya rage murya.

"Ba ni biyu. Amma in Birki ya zo nan, ba ki gan ni ba."